Batirin Maigandi

Kwana tara motar Maigandi ta yi a kan ƙarfen ɗaga mota, cikinta a buɗe, kuma kwana taran nan kullum sai ya zo garejin kamfanin da ke Gesse ya tsaya wa Injiniya Zayyanu a ka. Maigandi direban haya ne. Da motar nan mai lantarki yake jigilar fasinja tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, ita ce cinsa, ita ce shansa. Batirinta ya mutu tun garanti bai ƙare ba, kuma sai Zayyanu ya sa hannu za a ba shi sabo.

Zayyanu kuwa ya tsani direbobi tun ranar da kamfani ya daina yin ƙaramin batir. Duk wanda nasa ya lalace yanzu, babba ake saka masa kyauta, mai zuwa Argungu sau uku ba caji. Daga nan batura suka fara mutuwa kamar kajin da ciwo ya shiga. A ganinsa duk ɓarayi ne, kuma shi ba a yi masa wayo.

Ran na tara ya jona kwamfuta ya karanta tarihin batirin tun daga farko. Sai ya yi murmushin mugunta.

"Malam, tafiyar motarka kaɗan ce, amma batirinta ya sha wahalar mota uku. Kullum daga azahar zuwa la'asar tana tsaye a fadamar Zauro, wuta na fita. Me kake kunnawa?"

Maigandi ya haɗe rai. "Injin ban-ruwa na," in ji shi. "Na wata tsohuwa. Na ishe ta tana jan ruwa da guga cikin shinkahwa, ita ɗai, na ce wanga abu ba shi yiwuwa ina gani."

"Sunanta?"

"Ban hwaɗi. Ku je ku ɗaga mata hankali da takardunku?"

"Ba ta da 'ya'ya ne, sai batirin kamfani?"

"Ta ce akwai wani. Ba ta ƙara komi ba, ni ko ban tambaya ba."

Zayyanu ya tuntsire da dariya. Ya sha jin ƙarya a garejin nan, amma ta tsohuwa marar suna ta fi ba shi haushi, don rainin hankali ne tsagwaronsa. Ya tabbata gonar Maigandi ce, ko kuma ruwan yake sayarwa. Ya buɗe takardar garanti ya dangwala yatsa a kan layin da ya hana jona injin noma, ya ce babu babban batir, babu ƙarami, Maigandi ya zo da motar janwe ya kwashe gawar motarsa.

Maigandi ya yi magiya, abin da bai saba ba. Ya ce ko tsohon batirin a mayar masa, ɗan ƙarfin da ya rage masa zai kunna injin, shinkafar ta fara ɗaukar ciki, kwana tara ba ruwa. Da ya ga magiya ba ta ci ba sai ya koma zagi, ya kira Zayyanu marar imani a gaban kanikawa, har sai da mai gadi ya fitar da shi. Zayyanu ya ji zafin kalmar har cikin ransa. Nan take ya danna kwamfuta, rahoton ƙin amincewa ya tafi babban ofis, wanda in ya tafi ba ya dawowa.

Duk da haka bai huce ba. So yake ya ɗauko hoton injin da gonar, ya manna a bangon gareji, kowane direba ya gani ya shiga taitayinsa. Bayan la'asar ya hau babur, ya ɗora waya a kan kambu, yana bin ɗigon da kwamfuta ta nuna masa a taswira, inda motar ke tsayawa. Rabonsa da hanyar Zauro tun kafin a ƙara masa girma, shekara biyu ke nan, kuma an yanka sababbin fegi har bakin gulbi. Bai dubi dama ko hagu ba, idonsa na kan ɗigon.

Inda ɗigon ya tsaya, ga injin nan an rufe shi da buhu, wayarsa a naɗe, tiyonsa ya bushe. Ƙasa ta tsattsage, shinkafa ta yi ja tana sunkuyawa. Ya zaro waya zai ɗauki hoto, sai ya ji ƙarar guga a bayansa.

Tsohuwa ce, zaninta jiƙe har gwiwa, tana tahowa a duƙe da guga a kowane hannu. Ta zuba a gindin shinkafa, ƙasa ta shanye kafin ta miƙe. Ta ga takalmansa, ta tsaya. Sai ta kau da kai wajen gulbi, ta yi magana kamar da ruwan take.

"Bawan Allahn da ka zuwa shina ba mu ruwa, an ce wani azzalumi ya riƙe mai mota Birni. Da akwai mai hanya can, da ya sa baki."

Wayar ta suɓuce daga hannun Zayyanu ta faɗa cikin laka. Ita kuwa ta ɗauki gugunanta ta juya, ba ta dube shi ba, ba ta roƙe shi kai tsaye ba, ba ta kuma kira sunansa ba. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa yin ko ɗaya daga cikinsu ba, domin shi ne ɗanta na fari.