Darbejiyar da Aka Miƙo da Hagu

Shekarar da soja suka mayar da mulki hannun farar hula, ɗaliban wata makarantar 'ya'yan baƙi suka zo Madabo rabon itatuwan dashe. Wata 'yar Baturiya ta miƙo wa Babana tsiron darbejiya da hannun hagu. Ni na fara dariya, yaran unguwa suka ɗauka: "Bahaguwa! Ba ta da tarbiyya!" Idonta ya ciko da ƙwalla.

Baba ya sa hannu biyu ya karɓa. "Na gode, 'yata. Kai kuma sarkin dariya, ɗebo ruwa, ita za ta koya maka dashe."

Ban ba ta haƙuri ba, Allah Ya yafe mini. Har yau a inuwar darbejiyar nake alwala, ina yi wa su biyun addu'a.