Gishirinsa da Zaƙina

Sallar farko bayan rasuwar maigidana, lokacin da ba a yin kayan zaƙi a gidan makoki, Abu Ziyad mai suyar gyaɗa ya aiko mana da gyaɗa mai gishiri.

Bana na lulluɓe gyaɗarsa da farin cakulan, na kai masa shago a faranti. Ya daɗe yana kallon farantin.

"Ummu Rasim, kin ɓata mini gishirina."

"Gyara shi na yi. Duk garin nan na Irbid ba mai irin hannuna."

"To, in turo magabatana wajen ɗanki?"

Na gyara mayafi, na matsar masa da farantin. Ai shi ya roƙe ni a waccan Sallar: "Ranar da zaƙi ya dawo gidanki, ki bari in fara ɗanɗanawa."