Wasiƙar da Ta Dawo a Rufe

Kai da kake cewa sai ka samu natsuwa za ka nemi 'yan'uwanka, matso ka ji.

A garinmu an yi wani mutum mai kyan hannu. Shi yake fere alƙalaminsa na gamba, shi yake haɗa tawadarsa da ƙaro. Idan ya rubuta wasiƙa, baƙaƙen su jeru kamar kunyoyin gona, wasulan da jar tawada, gefen takarda kuma ya sha zayyana. Mutane ba sa yar da wasiƙarsa, a ƙasan adaka suke ajiye ta tare da kayan Sallah. Yana da yaya mace, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, aure ya kai ta can Kurmi. Ita ba ta karatu, amma ta fi kowa son rubutunsa: a karanta mata sau ɗaya, ita kuma ta yi ta kallo tana bin layukan da yatsa. Wata rana wani direban motar goro ya zo masa da saƙo. Ya ce, "Malam, Yaya tana kwance. Ta ce ko layi biyu ne ka yi mata, ta ga hannunka." Ya ce, "Yayata ce zan yi wa layi biyu? Je ka, in ka sake zuwa ka karɓa."

Ya zauna zai yi wasiƙar da bai taɓa yin irinta ba. Ta farko tawada ta ɗiga, ya yaga. Ta biyu layi guda ya karkace. Damina ta sauka, takarda ta yi laushi, ya ce sai ta bushe. Direban ya zo ya koma hannu wofi, ya sake zuwa ya koma. Sai da aka yi girbi wasiƙar ta kammala, duk wanda ya gani ya ce ba a taɓa yin kamarta ba. Ya naɗe, ya ba da. Ba a daɗe ba direban ya dawo, ya durƙusa a zaure, ya ajiye ta a kan tabarma yadda aka ba shi. Ya ce ya tarar ana zaman makokin Yaya. Masu jinyarta sun ce duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ta ɗaga kai ta tambaya, "An zo da takardar ƙanena?" Mai kyan hannun ya daɗe yana duban wasiƙar. Ya rayu shekaru bayan nan, amma ba a sake ganinsa yana fere alƙalami ba.

Shi ya sa magabata suka ce, da babu gara ba daɗi.