Man Da Ya Ƙi Shiga

Mai Kwalba na tsaye a kan tukunya tana narkar da kakin zuma cikin man kwakwa, sai Tsohon Direba ya sake yin sallama.

Duk layin an san hannunta a harkar man shafawa. Wasu matan sukan dafa ganye su juye a cikin mai, kafin la'asar mai ya hau sama, ruwa ya kwanta ƙasa kamar waɗanda suka yi faɗa. Nata ba ya tsinkewa. Ta san sai ruwan ganye ya yi ɗumi ake ɗiga shi kaɗan-kaɗan, ta san yawan ƙaron da ke riƙe su wuri guda. Ba wanda ya koya mata, ɓarnar tukwane ce ta koya mata. Kuma in ta ce mai zai ratsa fata, to zai ratsa.

Shi Direba matarsa ta daɗe da rasuwa, tuƙin ma ya ajiye shi tun da babbar mota ta kife da shi. Gwiwar hagu ce ta kawo shi. Ya zauna a benci, gwiwar ta yi ƙiii.

"Man da na ba ka ya shiga?" in ji ta.

"Hajiya, ƙamshi kam ba a magana. Amma yana nan a sama, sai ƙyalli."

Ƙanwarta, wadda ke wanke kwalabe a gefe, ta ce, "Yaya, ko dai hannun ne ya tsufa?" Ba ta tsaya nan ba, ta kai maganar wurin mai ɗinki. Kafin a jima masu ciwon baya sun fara tambaya a bakin ƙofa, wai wannan ne man da ba ya shiga?

Sunan da ta yi shekaru tana ginawa, gwiwa ɗaya na neman rushe shi. Mai Kwalba ta ɗaura ɗamara.

Ta ƙara na'a-na'a. Bai shiga ba. Ta jiƙa kanumfari a man zaitun, ta tace, ta haɗa da gwaiduwar ƙwai don ya yi laushi. Bai shiga ba. Ta kirɓa citta da barkono har idonta ya yi ja, ta lakata wa ƙanwar a gwiwar hannu don gwaji. Ƙanwar ta kwasa a guje zuwa famfo tana kiran sunan uwarsu.

Direba ya dawo yana murmushi. "Wallahi Hajiya, ko ɗumi ban ji ba."

"Ka gasa wurin da tsumma mai zafi kafin ka shafa?"

"Na gasa."

"Ka murza?"

"Har hannuna ya gaji."

Ita dai ba ta taɓa gwiwar namijin da ba nata ba, shi kuma mutum ne mai kunya, wando har ƙasa, safa ko ana zufa. Rannan kaki mai zafi ya ɗiga daga muciya a kan safar tasa, bai ko motsa ba, yana ta ba ta labarin hanya. Ta ce a ranta, wannan fata ce ko ƙirgi?

Zuwansa bai rage ta da komai ba. Ya ɗaure mata kantar da ke lilo, ya gyara murhu, yakan riƙe mata matata in tana tace ganye. Wata rana yana riƙe da matatar ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, da a ce ina da mai shafa min a gida..."

A nan ta gano bakin zaren. Maganinta ba shi da laifi, hannun da ya saba da sitiyari ne bai iya murza ba. In har ta shafa da kanta bai shiga ba, ta yarda ta kife tukunya ta bar sana'ar.

"Je ka ga yayana," in ji ta.

Ƙanwar ta yi shewa. "Yaya, ashe so ne!"

"So na me, da furfurata? Magani zan gwada."

Aka ɗaura aure. Washegari da safe ta tafasa ruwa, ta matse tsumma, ta ɗauko kwalbar mai barkono, ta naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Ango na kwance cikin bargo yana minshari hankali kwance. Ta ajiye kwanon ruwan, ta juya za ta jawo kujera.

Ga ƙafar hagun can jingine da bango, da safarta da takalminta, roba ce zalla, tana ta sheƙi saboda shan mai.