Sa Hannun Abba

Ku yi haƙuri da karambanina, ban taɓa rubuta labari ba.

Auta ta shigo falo da shayi, takarda a ƙarƙashin tire. Takardar sauya karatu ce daga lauya zuwa adabi, kuma dole mahaifinta ya sa hannu. Mako uku tana ɓoyonta.

Mahaifin nata, babban lauya, yana tsaka da yi wa abokansa huɗubar da ya saba: "Shekara arba'in ban taɓa sa hannu a abin da ban karanta ba. Mutuncin mutum ke nan."

"Abba, ta makaranta ce," ta ce, murya ciki-ciki.

Ko kallo bai yi ba, ya rattaba hannu. Auta ta ji kamar ta yi tsalle. Yau ta yi wa Barista wayo!

Wani aboki ya kwashe da dariya. "Mutumina, ina huɗubar?"

"Wannan? Sau huɗu na karanta. A kundin dokokina ta ɓoye, wai ba mai buɗe shi." Ya kurɓi shayi. "Ni ma da an bar ni, adabin zan yi."

Kafin su waiwayo, Auta ta rungumi takardarta ta sulale. Ni ma bari in bi bayanta.