Matar Shafi na Arba'in

Laifi ne mutum ya ƙara kalma a littafin mamaci? Har yau ban sani ba.

Tun da aka kawo gilashin da ke tayar da mutanen cikin littafi, ɗakin karatun garinmu ya kafa doka: mai suna a bar shi, marar suna a goge shi da la'asar.

Na kai tsohon littafina na tafiya duniyar taurari. 'Yata Lantana, mai gyaran jiragen sama, ta raka ni. Maza bakwai suka bayyana a gilashin, kowa da sunansa da muƙaminsa. Can bayansu ga wata mace riƙe da buta.

"Baiwar Allah, ya sunanki?" in ji Lantana.

"Kyakkyawar, haka marubucin ke ce mini. Ina zuba shayi a shafi na arba'in, in yi ihu a na casa'in."

"Tsakaninsu fa?"

Ta dubi butar. "Ina jin a tsaye nake."

Lantana ta miƙo mini biro. "Baba, rubuta mata suna a gefe, gilashin zai karɓa."

Na ce a'a, littafi amanar mai shi ne.

"Sau nawa ka karanta shi?"

"Ya fi talatin."

"Ka taɓa lura da ita?"

Ladan ya fara gyaran murya don kiran la'asar. Matar ta dube ni ta ce, "Malam, a zuba maka shayi?"

Na karɓi biron, na buɗe shafi na arba'in, na tambaye ta sunan da take so.