Kujerar Tsohon Gola

Tun da aka fara zalunci a duniya, a lissafin Gogan Sharhi, ba a taɓa yi wa bawan Allah irin wanda aka yi masa ranar Litinin ba. Ya tsaya gaban allon tallan da sabuwar tasharsa ta talabijin ta kafa a bakin ƙofa, ya auna haruffa da hannunsa. Sunansa yatsu huɗu. Sunan Tsohon Gola yatsu shida.

Shekara ashirin da biyu Goga yana sharhin ƙwallo. Shi ne ya taɓa ihun "ta shiga!" har gilashin ɗakin watsa shiri ya tsage, ko da yake mahassada na cewa da ma a tsage yake. Amma yau an ɗora wani a kansa, wanin da ko inuwarsa ba a taɓa gani ba.

Tsohon Gola mai kallo ne. Shekara tara ke nan duk Asabar sai ya turo saƙo, Goga ya karanta wa jama'a yana dafe da ƙirji. "Goga, wannan zazzaƙar muryar taka asara ce a bakin wanda bai san ofsaid ba." Ko kuma: "Baƙin da ka shafa wa gemunka yau ya fi na makon jiya kama ka, saura ilimin ƙwallo." Saƙon bai taɓa makara ba. Da an dawo daga hutun rabin lokaci, Goga ya fito daga bayan gida ya zauna, zai tarar da shi yana jira. Daga nan sai rama zagi, mutane na ta dariya a gidajensu.

Goga ya haura bene wurin Darakta, yana huci.

"Ranki ya daɗe, ni kuka ɗauka aiki ko wannan ɗan iskan?"

"Ku biyun, Yallaɓai," in ji ta, ba ta ko ɗago daga takardunta ba. "Mun tambayi masu kallo. Cikin goma, bakwai don shi suke kunna shirinka. Mun sayo masa kujera, tana nan kusa da taka. In bai bayyana ranar Asabar ba, lokacinka na 'yan wasan tanis ne."

Goga ya shiga neman mafita. Komawa tsohuwar tasha ba ta taso ba, don a jawabin bankwanarsa ya kira manajan can "bencin ajiya", kuma a gaban kyamara ya faɗa.

Ya bayyana wa Darakta cewa mutumin matsoraci ne, ba ya iya magana a bainar jama'a, wataƙila ma mummuna ne. Nan take ya janye ta ƙarshen, ya ce a'a, ba lallai mummuna ba ne. Darakta ta ce sun riga sun tura masa gayyata.

A gida ya ƙi cin abinci har na minti goma. Matarsa ta ajiye masa kwano ta zauna tana kallonsa.

"Maigida, ka dai kai ƙararsa mana, tun da ya dame ka haka."

"Wurin wa?"

"Oho. Ni dai in an kama shi, a bar ni in kai masa abinci." Ta tashi ta shige ɗaki, kafaɗunta na rawa saboda dariya.

Laraba amsar gayyata ta iso tashar: Tsohon Gola ya ce ba ya zama kusa da mutumin da turarensa ya fi hujjarsa ƙarfi. Darakta ta sa aka buga saƙon a allo. Alhamis ya turo cewa ya yi ritaya daga zagi. Aka ƙara buga wannan, da manyan baƙi. Juma'a ya turo cewa ba shi da lafiya, likita ya hana shi zama a kujera. Masu kallo suka yi ta aiko da addu'o'i, fiye da waɗanda Goga ya samu lokacin da aka yi masa tiyata. Wannan ta fi komai ƙona masa rai.

Asabar ta zo. Goga ya miƙa wayarsa a bakin ɗakin shiri kamar yadda doka ta ce, ya zauna cikin sabuwar riga, kujera fayau a damansa, an ɗora mata safar hannun gola. Ya yi rabin farko lafiya. Aka tafi hutu, ya zaga, ya dawo, saƙo ya shigo, ya karanta da muryar wanda aka cuta: "Goga, tasha sabuwa, kai tsoho, amma rigar ta yi maka kyau."

Bai kai ga ramawa ba ya ji muryar Darakta a lasifikar ɗakin.

"Masu kallo, tun da bai zo ba, mu za mu je. Ga lambarsa nan muna kira, kai tsaye."

Goga ya buɗe baki ya ce ba a kiran mara lafiya. Ba wanda ya saurare shi. Masu kyamara suka daina numfashi, layi ya fara shiga.

Sai wata 'yar ƙaramar waya, wadda shekara tara ba wanda ya taɓa kiranta, ta fara kuka a aljihun sabuwar riga.

Goga ya dubi aljihun, ya dubi kujerar, ya dubi kyamara ta ɗaya, wadda ya san ta fi fito da kyan fuskarsa. Ya gyara gemu, ya ciro wayar, ya amsa, muryarsa ta fito sau biyu a ɗakin:

"To, ni ne. Amma ku faɗa tsakaninku da Allah, duk ƙasar nan wa zai iya zagina da kyau haka in ba ni ba?"